Tumun da Inna Ta Ajiye

A ƙauyenmu, tsakanin Wurno da Goronyo, lokacin tatsuniya shi ne farkon kaka, sa'ad da gero ya nuna amma ba a kai ga girbi ba. Da an sallame isha'i kakarmu Inna Kulu za ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kawo mata kan gero ɗanye ta gasa mana tumu. Sai ta murza shi a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayin, ta zuba wa kowa nasa. Ita kam ban taɓa ganin ta kai ko ƙwaya ɗaya baki ba.

Wata rana na ce, "Inna, mi ya hana ki ci?"

Ta ce, "Kai angon banza, da wane haƙori? Ci naka ka ba ni kunne."

Haƙoranta kuwa lafiya lau, har goro take tauna.

Akwai tatsuniya guda da ba ta yin ta sai a wannan lokaci. Takan buɗe da cewa, "Ga ta nan tahe, ku matsa mata wuri." Wai an yi wani gari da sarkinsa ya kafa doka: ba mai taɓa geron gonarsa, ko da na tumu ne, sai an gama girbe gandun sarki an kai dammuna rumbunsa. Wata shekara yunwa ta yi tsanani, tsuntsayen jan-baki kuma suka sauko. Maza suna can gandun sarki suna aiki, suna hangen tsuntsaye na cinye nasu.

Sai wani manomi mai ɗiya guda ya ajiye magirbinsa da rana tsaka. Ya tafi gonarsa ya karyo kan gero, ya hura wuta a tsakiyar gari inda kowa zai gani. A nan Inna kan rage murya.

"Yac ce, ni na shibka, ni na nome, ɗiyata za ta ci. Wanda ag da gona shi tahi gonatai. Kahin la'asar gari duk ya ɗau hayaƙi, kowace ƙohwa ana gashi."

Dogarai suka zo. Ba su iya kama gari duka ba, sai suka kama shi kaɗai, suka ɗaure shi, suka bi da shi hanyar gulbi. Ya waiwayo ya ce wa ɗiyarsa, "Tsame min nawa kada shi ƙone, ina zuwa." Ta tsame, ta ajiye masa. Daga shekarar nan dokar ta mutu, ba wanda ya sake bin ta.

Mu kan ce, "To, ya dawo?"

Sai Inna ta yayyafa wa wutar ruwa. Duk tatsuniyoyinta tana rufe su da kurunkus, ban da wannan.

Na girma na shiga duniya. Na zauna a Kumasi da Hartum, na tsallaka teku, bakina ya iya Larabci da Faransanci. Na ga biranen da talakawa suka taso wa sarakunansu, an gina wa matattunsu gumaka, yara na haddace sunayensu a makaranta. Nakan tsaya a gabansu in ji kunya, ina cewa mu namu sai a tatsuniya.

Da Inna ta rasu na dawo ta'aziyya. Ana fitar da kayanta, ƙanwar mahaifina Gwaggo Hajo ta miƙo mini wani ƙulli daga ƙasan tukunya. Na kwance. Kan gero ne, baƙi ƙirin, rabinsa gasasshe.

Na ce, "Gwaggo, wannan fa?"

Ta ce, "Duk bokon naka ba ka gane ba? Manomin tatsuniyar nan ubanta na, wanga ko tumunai na. Tana 'yar ƙarama sunka tahi da shi. Ko kabarinai ba a sani ba."

Na zauna a ƙasa. Ashe duk lokacin kaka tana gasa mana abin da ta hana wa bakinta, tana jiran mutumin da ya ce yana zuwa.

Bara na je gida lokacin kaka. Wani ɗan'uwanmu da ya taso daga ƙauyukan Rabah ya gaya mini a can ba mai sa hannu a geronsa sai 'yan bindiga sun yarda, sai an fara yi musu aikin tasu gonar. Ba rawani, ba dogarai, amma dokar ce ta dawo.

Da yamma na hura wuta na gasa wa jikokina tumu, na ba su labarin kamar yadda na ji shi. Ƙaramarsu ta ce, "Kaka, to ya dawo?"

Ƙullin yana cikin aljihuna. Na yayyafa wa wutar ruwa. Ni ma ban ce kurunkus ba.