Tayoyi Biyu na Alhaji Sambo

Nasiru ɗan Alhaji Sambo ya kira ni ɓarawo. Ranar addu'ar bakwai ta ubansa, a ƙofar gidansu, tabarmi cike da mutane, liman na zaune, ya miƙe tsaye ya ce, "Ina mai facin nan? A gaya mishi ya maido tayoyin Baba guda biyu da ya ɗauke." Mai facin nan! Ni Illa, da na ɗauke shi bisa babur ranar farko da anka kai shi lakwal, makarantar boko, shina kuka shina cizon bayana. Ko Baba Illa bai iya cewa ba. Ina can baya kusa da takalman mutane, na tashi na yi tafiyata, kuma ba wanda ya buɗe baki ya ce ba haka ba ne.

Shi ya sa na zauna rubuta wanga. Aji huɗu na yi a lakwal, hannuna ya fi sanin ƙarfen cire taya da alƙalami, wanda ya ga kure ya yi haƙuri. Amma ku mutanen Malanbil da kunka san Alhaji, ku karanta ku faɗi in akwai inda na ƙara.

Alhaji bai fita da abu guda. Hula biyu, ɗaya bisa kai ɗaya cikin aljihu. Tabarau biyu, tasbaha biyu, har buta biyu yake ajewa a rumfarsa ta albasa. In ka tambaye shi dalili sai ya dube ka kamar kai ne mara hankali, ya ce, "In ta fashe fa?" Na taɓa ce mishi, "Alhaji, hula tana fashewa?" Ya ce, "Ba ka ga wadda ta fashe ba tukuna, shi ke nan."

To mutum irin wanga, wanda ya ba sittin baya, wanda ke kashe babur in ya zo gangara don kar mai ya ƙone banza, shi ne ya sayi jar motar nan. Kun tuna ta. Cikin motocin da ake korowa daga Kwatano zuwa Nijar ta zo, ta yi wata da watanni a filin duwan, wato kwastan, mai ita ya ce bai so. Ƙofa biyu, kujera biyu, ga ta ƙasa-ƙasa, ko kaza sai ta duƙa kafin ta shiga ƙarƙashinta. In an tada ta kuwa har Gaya sai an ji. Na ce, "Alhaji, me ya kai ka?" Ya ce, "Kujera biyu gare ta, Illa. Ba mai cewa in rage mishi hanya."

Ran da ya karɓe ta, rumfata ya fara kawo ta in duba iska. Na buɗe baya, wani ɗan rami ne da buhun albasa guda bai shiga. Na ɗaga shimfiɗa, ba tayar sakur, wadda mutanen Najeriya ke ce ma safaya. Sai wata 'yar kwalba da ɗan famfo kamar na wasan yara.

Ya ce, "Mene ne wanga?"

Na ce, "Ƙaro ne. In ƙusa ta huda taya, shi ake ɗura mata. Irin waɗanga motoci ba a yi musu wurin sakur, don kar nauyi ya rage musu gudu."

Ya juya kwalbar, ya shinshina. "Wanda ya ƙera ta ya taɓa bin hanyar Garu da damina?"

"Ban ce ba."

"To ya riƙe turarensa."

Sati uku ina nema kafin in samo taya da ƙarfenta daidai da ta gaba. Ba ta shiga baya ba, bai yarda a ɗaure ta bisa rufi ba don kar fenti ya kwaile. Sai ya buɗe ƙofa ya zaunar da ita kujerar fasinja. Yana tada mota ta kama ƙara, ƙi-ƙi-ƙi, ta ji nauyi ta zaci mutum ne ya zauna. Ya jawo santir, ɗamarar kujerar nan, ya ɗaure ma taya, mota ta yi shiru. Ya ce, "Ka ga? Ita ma ta san girmanta."

Marigayiya Hajiya Kadi, matarsa, ta sha ado wata Asabar za ta biki Gene, ta fito tana ƙamshi, ta buɗe ƙofa ta tarar da taya a ɗaure.

"Alhaji, fitar da wagga aba in zauna."

"Ki zauna ki rungume ta."

"Da leshina? Wallahi ko ni ko ita!"

Ya dubi tayar, ya dube ta, ya ce, "Hajiya, in taya ta fashe tsakanin nan da Gene, ke zan ɗaura ma motar?"

Kabu-kabu ta hau. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa shiga motar nan ba, kuma in ta ji ƙararta sai ta ce, "Ga ango nan da amaryatai."

Wata rana jandarma ya tare mu bayan gari, ya leƙa ta taga ya ga taya da santir, Alhaji kuwa ya zagaya nashi ta baya ya zauna bisa, wai yana murɗe mishi babbar riga. Jandarman ya ce, "Baba, taya ta ɗaura, kai ba ka ɗaura ba?" Alhaji ya ce, "Ni ina da sakur, ɗana na Kwatano. Ita ba ta da kowa." Jandarma ya yi dariya har ya manta da takardun da ya tambaya.

Na ce ya tare mu, to bari in faɗi yadda anka yi na shiga tafiyar. Bakina ya ja mini. Ina duba iska wata safiya na ce, "Alhaji, ka san tayoyin baya sun fi na gaba faɗi? Wagga da kake ɗauka, ta gaba ce kawai." Da na sani da na haɗiye maganar. Mutumin nan kwana biyu bai taɓa motar ba. Rana ta uku ya zo ya ce in samo ta baya. Na samo. Na ce, "To ita kuma ina za ta zauna, bisa cinyarka?" Sai ya juya shina kallon baburina.

Shekara tara. Duk inda jar motar nan ta nufa, Illa na biye da taya ɗaure bayan babur. Kuma da yake bai yarda sakur ta ɓace mishi a madubi ba, motar ba ta taɓa wuce gudun baburina ba, babur da ya girmi Nasiru. Agogon gudunta an rubuta har ɗari uku, mu kuwa muna tafe kamar masu rakiyar gawa. Manyan kamyo masu ɗaukar kaya na bayanmu suna oda, masu keke na wuce mu, 'yan kabu-kabu na ihu, "Alhaji, a taka mana!" Shi ko ya fiddo hannu ta taga ya ce, "Ku wuce, Allah Ya kiyaye hanya." Amalanken jaki ya taɓa wuce mu a hanyar Garu, na rantse, mai jakin har ya juyo ya yi muna sannu da aiki.

Cikin shekara taran nan sau ɗaya taya ta fashe, kuma ta baburina ce. Muna dawowa daga wajen manoman albasa, rana tsaka, tsakiyar fadamar shinkafa. Ga sakur biyu na mota, ga ni ban ɗauko kayan faci ba. Ya fito ya zagaya babur, ya girgiza kai.

"Illa, kai mai faci ne, kana yawo ba sakur? Ban ji kunya irin ta yau ba."

"Alhaji, a sauke waccan in zauna, gobe in zo in ɗauki babur."

"A bar taya cikin daji?"

Turawa na yi har gari. Shi kuwa yana gefena cikin mota, daidai da tafiyar ƙafata, ya sauke gilas shina ba ni labarin yadda ubansa ke kai albasa ƙetare cikin kwalekwale kafin a yi gada. Na zage shi a zuci ya fi sau ɗari. Da munka iso ya saya mini fura ya zauna har na shanye, ya ce, "Da wani ne da ya tafi ya bar ka." Kuma gaskiyarsa.

Mutane na cewa Illa bawan Alhaji ne. Ku ce abin da kuke so. Ni matata ta daɗe da tafiya, ɗiyana suna Najeriya ba mai waiwaye, tun da anka rufe gadar shiga Nijar kuma sai in wuni a rumfa ban taɓa taya uku ba. La'asar na yi zan ji oda sau biyu, in ɗaura taya in bi shi. Wani lokaci ba inda za mu, bakin kogi kawai, mu zauna mu kalli masu kwalekwale har magariba ta matso. Bayan rasuwar Hajiya sai na lura, ina biye ina hango shi ta gilashin baya, bakinsa na motsi, kansa na juyawa wajen kujerar fasinja. Hira yake da tayar. Ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa faɗi ba.

Ranar da ciwo ya kada shi, da hantsi, a rumfar albasa, likita ya ce a kai shi Kandi yanzu, kar a jira. Na yi karen mota da ƙuruciya, na iya tuƙi. Anka tallafo shi har rumfata, na kawo motar na kwance santir, na fiddo tayar na jingine ta da 'yar'uwarta, anka zaunar da shi wurinta. Numfashi na yi mishi wuya amma idonsa na kan tayoyin.

"Illa, ba sakur?"

"Ba sakur."

"In ta fashe fa?"

"Sai in goya ka."

Munka kama hanya har munka wuce Gene. Can ya ce, "Muna nawa?" Na ce tamanin. Ya ce, "Haba, tsohuwa. Taka ta in gani, shekara tara ina ba ta mai." Na taka. Jama'a! Motar nan ta yi wani gurnani ta manne da kwalta, itatuwa sunka zama kamar zane guda. Ya sauke gilas, iska ta fizge hularsa ta yi daji da ita. Na kai ƙafa ga birki, ya ce kar in tsaya. Ya sa hannu aljihu da ƙyar, ya fiddo ɗayar, ya kafa bisa kai, ya dube ni. "Ka gani?" Na yi dariya hawaye na zuba, ban ko ganin hanya sosai.

Washegari bayan azahar ya cika, hannunsa cikin nawa. Ni na kira Nasiru tun muna hanya, na sake kira daga asibiti, ya ce aiki ya riƙe shi, a yi abin da ya kamata. Ni na biyo gawa da jar motar, a hankali, ni kaɗai ciki. Ni na shiga kabari na karɓe shi. Nasiru rana ta huɗu ya iso.

Tayoyin kuwa, i, suna rumfata. Ba wanda ya tambaya, ni kuma ban yi gaggawar kai su ba, ban ɓoye wanga. La'asar in ta yi ba oda, sai in dube su in ji sauƙi kaɗan.

Kwana ɗaya bayan ya kira ni ɓarawo na wanke su, na cika musu iska, na ɗaura su bayan babur na tafi. Na tarar da shi ƙofar gida da wani mai saye daga Gaya, suna leƙen cikin injin, maƙwabta uku na zaune bisa benci. Na sauke su gaban ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya. Na ce:

"Nasiru, ga tayoyinka. Wagga ta gaba ce, wagga ta baya, kar ka haɗa su, ba girmansu ɗaya ba. Ban zo in rantse maka ba, kuma ban son ban-haƙurinka. Ta baya dama rumfata take kwana, ta gaba kuwa na fiddo ta ne don ubanka ya sami wurin zama ranar da yake mutuwa, kai kana Kwatano aiki ya riƙe ka. Sunana Illa, kuma ka san shi, don da shi kake kirana in saya maka ƙosai. Ka sai da mota, taka ce. Amma kafin in bar ƙofar nan ɗaga hannunka, ɗaga, mutane na kallo. Allah Ya jiƙan Alhaji Sambo. Allah Ya yafe mishi taurin kansa da abin da ya yi ma Hajiya Kadi ranar biki. Allah Ya sanyaya makwancinsa, Ya ba shi abokin hira a can, don mutumin nan bai iya zama shi kaɗai ba, faɗi ne kawai bai iya ba. Ce amin."