Ɗakin 'Yar Baba

Yayata ba marowaciya ba ce. Na fara da wannan ne domin duk wanda ya yini a gidanta zai fito yana rantsuwa hannun jarirai gare ta, ni kuwa da muka sha nono ɗaya na san ba haka aka haife ta ba. Muna yara ita ce mai gutsura rabonta ta ƙara mini. Bashin gida ne ya mayar da ita haka. Ni kuma na fi kowa shan takaicin abin, don sana'ata gyaran wutar lantarki, ita kuwa a ganinta Allah ya ba ta ƙane ne don kada ta taɓa biyan kuɗin gyara.

A sashen wanki na wani asibiti take aiki, mijinta kuma direban motar ma'aikata ne. Da albashinsu biyu banki ya yarda ya saya musu gida, su riƙa biya wata-wata na tsawon shekarun da in ka ji yawansu sai ka riƙe baki. Gidan ba wani babba ba ne: ɗaki biyu da falo, kicin, banɗaki, sai wani ɗan tsukukun sito a bayan kicin. 'Yarsu ɗaya tal, muna ce mata 'Yar Baba saboda yadda take manne wa ubanta. Ranar da suka tare ya kama hannunta ya kai ta ɗaki na biyu, mai taga biyu da ƙofarsa ta kansa, ya ce, "Wannan naki ne." Tana firamare a lokacin. Ba ta daɗe tana kwana a ciki ba Allah ya yi masa rasuwa.

Albashi biyu ya koma ɗaya, banki kuwa bai san ta'aziyya ba. Da masu gaisuwa suka watse, Yaya ta kwashe kayan yarinyar zuwa nata ɗakin, ta ba wata nas hayar na yarinyar. Ban ga laifinta ba, don ko ni ne abin da zan yi ke nan. Ta dafa kan 'yar ta ce, "Ki yi haƙuri, na ɗan lokaci ne. Muna ɗan samun numfashi za ki koma ɗakinki."

Daga nan gidan ya zama makarantar tattali. Guntayen sabulu ba a yar da su, matse su ake yi wuri ɗaya a samu wani sabulu mai launi kamar hawainiya. Man goge haƙori in ya ƙare, reza take sa wa ta farke cikinsa, a ƙara mako da shi. Ruwan ɗauraya na goge ƙasa ne, ruwan goge ƙasa na banɗaki ne. Leda kuwa wanke ta ake yi a shanya a igiya kamar kayan jarirai. Ƙwan fitila ɗaya ne tsakanin falo da kicin, duk inda ake bukatarsa sai a hau kujera a kwance a kai can. Ni da nake sayar da ƙwan fitila a shagona na kawo mata guda huɗu kyauta. Da na dawo sai na tarar ta sayar wa maƙwabta uku.

Ga kuma neman na kashewa, wanda ba a kashewa. Ta tashi daga wankin asibiti ta dawo ta kama gugar mutanen unguwa. Ta sayi tsohon firji tana sayar da ƙanƙara. Ta tara kwalabe da gwangwanaye. Wani maƙwabci yana ajiye babur ɗinsa a tsakar gidanta, shi ma yana ba da ɗan wani abu. Kayan guga suka cinye falo, suka cinye rabin ɗakin Yaya, har 'Yar Baba ta ja katifarta zuwa sito, tsakanin teburin guga da firjin nan mai gurnani kamar tsoho mai tari. A nan ta gama sakandare. Littattafanta a cikin kwali suke, kayan sawarta a rataye a ƙusa tare da rigunan mutane, har wata rana aka haɗa da siket ɗinta na makaranta aka kai gidan wani.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ranar da na raka Yaya banki na gane ashe ta daɗe da wuce wahalar. An ƙara mata albashi, guga na kawowa, ƙanƙara na kawowa, abin da banki ke nema kowane wata tana iya biya ko babu haya. Kuɗin ɗakin ƙari ne take ɗorawa a kai don bashin ya yi saurin ƙarewa. Muna fitowa na tsaya a bakin titi na ce, "Yaya, ashe babu wanda ya shaƙe ki? Ki mayar wa yarinyar nan ɗakinta mana."

Ta ce, "Kai ba ka san kuɗin ruwa ba. Kana barci yana haihuwa."

Na ce, "Yarinyar ma kina barci tana girma."

Ta ce, "Ai don ita nake yi. Gidan wa zai zama in na mutu? Na ga yadda banki ke liƙa takarda a ƙofar mutane, ba za a liƙa a tawa ba."

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura, na sani. Amma maganata ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu, har ta ƙara da cewa mu taka da ƙafa, motar haya ta yi tsada.

Nas-nas ɗin nan ba sa daɗewa, ana yi musu canjin wurin aiki. Duk wadda ta tashi, 'Yar Baba ce ke share ɗakin. Ba wanda ke sa ta. Ta wanke tagogi, ta kankare dattin bango, ta goge ƙasa har ta yi ƙyalli, sannan ta zauna a tsakiyar ɗakin. Kwana kaɗan sai ka ga wata nas ta sauko daga tasi da akwati. Yaya ta ce, "Wannan ce ta ƙarshe." Na ji wannan magana har na daina ƙirgawa. Yarinyar ba ta taɓa yin gardama ba, kuma shirun nata ya fi ba ni tsoro a kan a ce kuka take yi.

Bara ta gama karatu ta samu aiki a wani kantin magani. Ana cikin haka nas ɗin da ke ɗakin ta tashi, Yaya kuma ta aika a kira ni in gyara makunnin fitilar ɗakin, kyauta kamar kullum. Na tarar 'Yar Baba ta riga ta wanke ko'ina, har ta sayo labule da albashinta na farko, yana ninke a kan taga. Ina kan kujera da sukuddireba a baki Yaya ta leƙo ta ce, "Ka yi sauri, jibi sabuwar za ta shigo."

'Yar Baba ta miƙe a hankali ta ce, "Mama, wace sabuwa?"

"Wata ce daga ɗakin haihuwa. Wannan ce ta ƙarshe, saura ƙiris mu gama."

"Ta biya?"

"Ba ta biya ba tukuna, amma mun yi magana."

"Nawa ne ɗakin?"

Na cire sukuddireban daga bakina, don na ga inda maganar ta dosa. Na ƙyafta wa Yaya ido, na yi gyaran murya, har na buga ƙafa a kan kujerar. Ina! Bakin da ya shekara da shekaru yana ciniki da 'yan haya ba ya jiran zuciya. Ta faɗi kuɗin tiryan-tiryan, ta ƙara da cewa ana ba da na wata biyu a gaba, kuɗin wuta kuma daban.

Yarinyar ta fita, ta dawo da jakarta, ta ƙirga kuɗin ta miƙa da hannu biyu. Na ce a raina yanzu Yaya za ta farka, ta rungume 'yarta ta ce wasa take yi. Ta dubi kuɗin, ta dubi yarinyar, ta yi 'yar dariya ta ce, "Ai shi ke nan, duk aljihu ɗaya ne. Gara ke da bare." Ta ƙulle su a bakin zane.

Na sauko ban gama gyaran ba. Na ce, "Yaya, wallahi kin ba ni kunya." Ta ce in ba zan gyara ba in faɗa mata, kada in tsaya ina yi mata wa'azi a gidanta.

'Yar Baba ta tare a ranar. Ta rataya labulenta, ta sayo kwado ta sa a ƙofa. Ta sayi ɗan risho da tukunya tana girkinta a ciki, kamar yadda nas-nas ɗin ke yi. Da safe ta gaida uwarta daga bakin ƙofa cikin ladabi, ta kulle ɗaki ta tafi aiki. Ba faɗa, ba ɗaga murya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan na san inda ta gado shi.

Ba a jima ba Yaya ta zo shagona, abin da ba ta saba ba, ta zauna a kan benci tana murza yatsunta da guga ta ƙona. Ta ce, "Yarinyar nan ba ta cin abincina. Jiya na dafa har da nama, ta ce ta ƙoshi. In zan shiga ɗakin sai na ƙwanƙwasa." Na so in ce mata jiki magayi, amma na ga idonta ya kawo ruwa, sai na haɗiye. Na ce ta mayar mata da kuɗinta kawai, ta ce ɗakin nata ne. Ta ce in raka ta, ita kaɗai ba za ta iya ba.

Muka je da yamma, bayan yarinyar ta dawo daga aiki. Yaya ta ƙwanƙwasa, aka buɗe. Ta ciro kuɗin, duk abin da ta karɓa tun farko, wanda na san cire shi daga hannunta ya fi cire haƙori zafi. Ta ce, "Karɓi abinki. Ɗakin nan naki ne, ubanki ya ba ki. Ni ce na yi kuskure."

'Yar Baba ta gaishe ni, ta dubi kuɗin, ba ta miƙa hannu ba. Ta ce, "A'a, Mama, ki kai banki."

Na ce, "Haba 'Yar Baba, uwarki ce fa. Karɓi mana."

Ta ce, "Kawu, lokacin da ɗakin yake nawa, a sito nake kwana. Tunda na fara biya ba wanda ya ce in tashi. Ku bar ni in ci gaba da biya."

Yaya ta tsaya da kuɗin a hannu. Yarinyar ta ce mana sai da safe, ta tura ƙofarta a hankali.