Ranar da Na Faɗi Sunansa a Bauchi

Ana sallame sallar asuba muka bar gida, ni da Inna, uwar mijina, 'yata a goye. Watanta bakwai, kuma kwana uku ke nan hannayenta sun kumbura kamar an hura su. Haka ɗana na fari ya fara. A asibitin garinmu aka ce mu tafi Bauchi, akwai likitoci masu bincike kan ciwon sikila a jikin yara, suna gwada jini.

Motar Darazo ta cika maƙil, har da wata akuya da ta ƙi rabuwa da bakin zanin Inna. Direban kuwa bai san birki ba sai ya hango masu kaki. Duk ramin da muka faɗa sai in laluba ƙafar yarinyar in ji ko da zafi.

Mun sauka kusa da kasuwar Muda Lawal. Ban taɓa ganin albasa tuli haka ba. Inna ta taya manja, da ta ji kuɗinsa ta ce a bar musu abinsu su sha. Muka ci masa a tsaye, muka hau adaidaita.

A asibitin wata ma'aikaciya ce ta karɓe mu, Kirista, Hausarta irin ta mutanen Bogoro. Ta ɗebi jinin, sannan ta buɗe takarda, ta ce sai sun san labarin sauran 'ya'yana kafin su sa yarinyar cikin binciken. Na ce akwai ɗaya, ya koma. Ta tambayi sunansa.

A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle a gaban surukarta. Yana raye "yaron nan" nake cewa, da ya rasu ko kuka ban yi a fili ba. Inna ta dube ni, ta miƙe.

"Bari in nemo mana ruwa, 'yar nan."

Gorarmu kuwa na cikin jakarta, a cike.

Na ce, "Sadiƙu." Muryar ta fito kamar ba tawa ba. Daga nan ban tsaya ba: kumburin, kukan da ko nono ba ya tsayar da shi, idanunsa da suka yi ɗorawa, yadda yake ƙyalƙyala dariya in an buga masa faranti. Wannan ba ya cikin tambayoyinta, amma ta bar ni na gama.

Da la'asar sakamako ya fito. Sikila ce. Ma'aikaciyar ta ce an yi sa'a da aka gano da wuri. Aka ba mu magani, aka ce mu riƙa dawowa duk wata, in ta yi zazzaɓi ko kaɗan ne kada mu jira.

Mun iso gida bayan magariba, yarinyar tana barci. 'Yan uwa mata, abin da na koyo shi ne, ciwon da muke ce wa sanyin ƙashi akwai masu saninsa, kuma tafiyar safiya ɗaya ce tsakaninmu da su. Safiya ɗaya tak. Tun da muka dawo nake ganin kaina a cikin motar nan, yaron nan ne a bayana.