Illo Bahago da Mutanen Ɗaya ga Janvier

Kullum da hantsi Illo Bahago yakan buɗe shagonsa a unguwar Dagmanet, ya kunna tsohuwar ordinatarsa, wato kwamfuta, ya duƙufa gyaran salular mutane. Shekara goma sha biyu ke nan, kowa na ɗaukarsa mai canza batir kawai.

Bayan juyin mulki wata ƙungiyar agaji ta tattara ta tafi, ta bar hatsi a sito da logiciel, manhajar na'ura mai tantance masu karɓa. Damina kuma ta ƙi. Ranar rabo tsohuwa Tabawa ta miƙa katinta, na'ura ta ce ba ta san ta ba. Wata uku ana korar ta hannu banza.

Gambo, mai kula da siton, ya kawo wa Illo na'urar.

"Malam Illo, duba mini. Tsofaffi sun fara kirana ɓarawo."

"Ina asalin rubutun logiciel ɗin?"

"Ya hau jirgi da masu shi."

Abin da ya rage shi ne bytecode, rubutun da aka riga aka niƙa don na'ura kaɗai ta gane. Illo ya ɗauko bibliothèque, kayan aikin da ake warware niƙaƙƙen rubutu da shi, ya bi umarni ɗaya bayan ɗaya har kwana shida. Ga abin da ya tarar. An rubuta cewa in suna ya zo ɗaya, ranar haihuwa ta zo ɗaya, a share na biyu. Alhali duk wanda aka haifa ba takarda, ɗaya ga Janvier, wato Janairu, ake rubuta masa. Tabawa Amadou huɗu ne a unguwar, na'ura ta binne uku da ransu. Haka aka share gida ɗari biyu da sha bakwai.

Gambo ya ce, "Yarjejeniyarmu da ƙungiyar ta hana taɓa shi. Ka san zamanin da muke ciki."

"Rubuta cewa ni na taɓa. Kawo in sa hannu."

Umarni ɗaya ya sauya: a duba lambar kati. Ran Laraba Tabawa ta auna hatsinta.

Na daɗe ina juya maganar, domin haddi ka ƙetare, Illo. Amma ka ƙetare shi ne da rana tsaka, da sunanka a takarda. Mun gode, Allah ya saka. Ku masu ilimin na'ura, in ta ce tsohuwa ba ta nan alhali ga ta tsaye, ku buɗe cikinta ku duba.