Madubin Mushe

Ƙasarmu ta shiga sahun manyan ƙasashe masu fitar da kaya waje. Kayanmu da ƙafarsu suke hawa jirgi, da satifiket a hannu, kuma har yau ba a dawo mana da ko ɗaya an ce ya lalace ba. Ya dace jama'a su san masana'antar da ke gyara su. Gareji ne a layinmu, benci huɗu da allo, mai shi tsohon malamin Faransanci.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a sakandare yana koyar da harshen da ba mai so. Ya ce a kira shi Misiye, wato Malam da Faransanci, bakin yara ya mayar da shi Mushe, sunan ya bi shi har ritaya. Yau waɗancan yaran ne, wasu har da furfura, ke cika bencinsa, don ƙasar da suke son komawa ba ta karɓar mutum sai ya ci jarrabawar harshenta.

Ƙarfe bakwai yake ɗaga ƙofar garejin, yana jan ƙafar hagu, wadda ciwon suga ya huda tafinta shekara biyu ke nan. Kayan aikinsa rediyo mai kaset da madubin aski. Madubin maganin wata cuta tamu ne: bakin Bahaushe bai raba fa da pa ba. A Faransanci kuwa pain burodi ne, faim yunwa.

"Dubi leɓenki, ki rufe shi," na ji yana gaya wa wata nas. "In kin bar shi a buɗe, kin shiga kanti kin ce a ba ki yunwa."

"Baba, ai ita muke gudu."

"To kar ki je can ki saye ta da kuɗinki."

Nas ɗin nan ita ta rage a asibitin unguwa, sauran biyar duk ta garejin suka bi. Kullum in an tashi darasi, ita ke wanke masa ciwon ta canza bandeji. A gabana likita ya ce masa ranar da aka daina, a fara shirin yanke ƙafar. Sau biyu tana faɗuwa a jarrabawar magana, shekarunta kuma sun kusa wuce iyakar da ƙasar can ta sa wa masu shiga. Zama ɗaya ya rage mata.

Ƙanwarsa ta same shi. "Yaya, ba wanda ya ce ka koya mata ƙarya. Ka dai rage himma."

Ya ce ya ji. Washegari ya ƙara wa nas awa guda. Yakan ɗaura nakatai a wuya, ya murtuke fuska kamar mai jarrabawa, ƙafarsa na cikin kwanonta, yana yi mata tambayoyi har ta ɗaure bandeji. Ko zafi ya sa ya runtse ido, ba ya fasa gyara mata kuskure.

Mushe, kai ne malamin da ya san abin da cin jarrabawar ɗalibarsa zai ci masa, bai ɓoye mata harafi ɗaya ba. Mu da muka yi jami'a mun rubuta maƙaloli a kan gudun ƙwararru. Kai ko layi ɗaya ba ka rubuta ba.

Ta ci. Ta zo da takardar tana kuka. "Baba, ƙafar fa?"

"Ƙafar ce ta zauna jarrabawa? Je ki haɗa kayanki."

Mun gode, Malam. Wanda ya iya wani abu ya koyar da shi haka, ba ragi. Wanda kuma ya iya wanke ciwo, ƙarfe bakwai ake buɗe garejin.

Jiya na leƙa bayan ɗalibai sun watse. Ya ajiye madubin a ƙasa, ya ɗaga ƙafar a saitinsa, yana laluben bakin ciwon da auduga.