Ɗan Armeniya da ɗan farin kakata

Jiya a kasuwa na ga tulin ƙaro, sai kakata ta faɗo min a rai. Muna yara a Gashua, in ta ga ƙaro tsaki take yi ta kau da kai. Ni ce mai naci, ni ta ba labarin, tana gyaran barkono a tsakar gida.

Zamanin Turawa ne, tana amarya a Nguru. Ita da wasu mata suna tsince ƙaro a kantin wani kwara ɗan Labanan kusa da tashar jirgi. Akawun kantin ba kwara ba ne, wai daga Armeniya yake, an karkashe danginsa yana yaro, shi kuma littattafai yake rubutawa da yarensu. Ya iya Hausa. Aikinsa kenan ya jawo kujera gaban mata yana tambaya wa ya mutu, yaya sunansa. Wai mamacin da ba a rubuta ba ya ɓata.

To lokacin ɗan farin kakata ya rasu. Kun dai san yadda ake yi da ɗan fari a da, ba a kiran sunansa, ba a yi masa kuka a gaban mutane. Ta daure, kowa na yaba ta. Shi kuwa ya sa ta a gaba, yau tambaya gobe tambaya, har ranar da ta faɗi sunan ta fashe da kuka gaban ƙannen mijinta da suke tsince ƙaro tare.

Kafin la'asar magana ta kai gida. Surukarta ta ce ba ta da kunya, gaban baƙo ma. Aka haɗa mata kayanta ta koma Gashua, auren bai sake ɗinkuwa ba.

Na ce wa kakata ai ƙila tausayi ne, shi ma maraya ne.

Ta ce, "Ke rufe min baki. Nasa ciwon ya zo jinya da nawa. Ko ɗagowa bai yi ba, rubutu yake."

Na tambaye ta sunan yaron. Ta jefe ni da murfin kwano.

Yanzu kowa ya yi rashi sai ya ɗora suna da hoto a waya, ni ma ina yi. Amma kakata ta rasu ba ta sake faɗa ba. Duk zuri'armu babu wanda ya san sunan yayan babana. Yana can cikin littafin wani mutum, da harufan da ko an miƙo min ba zan iya karantawa ba. Ban yafe masa ba.