Rakodar Bulus a cikin babbar rigata

Shekara bakwai ke nan da muka kai Bulus makwancinsa a nan Maryland ta Amurka, amma sai a watan jiya ya samu damar kunyata ni.

Bulus ɗan Filato ne, injiniya, maƙwabcina a Lanham. Ba shi da magana. In kuka zauna hira, kai ne mai hirar, shi mai gyaɗa kai. Abu ɗaya ke motsa shi: wasu Turawan Ingila masu dogon gashi da ke kiɗan rok, irin wanda waƙa ɗaya za ta kai ka garin Bowie a mota ta dawo da kai ba ta ƙare ba. Faifansu na kanti bai ishe shi ba, shi sai wanda aka ɗauka a wurin wasa, da tafin jama'a da kuskuren mai ganga. Masu irin ciwonsa suna da yawa, suna ta musayar kaset ta gidan waya. Ni kuwa kullum tsokanarsa nake, in ce na je Kwatano, na je Jidda, na je Landan, ban taɓa ganin inda ake biyan makaɗa suna gwajin kayansu ba.

Da makaɗan suka zo wasa kusa da mu, ya ce in raka shi, in sa babbar riga. Na ɗauka girma ne ya ba ni. Ashe ba a barin shiga da rakoda, masu gadi kuma ba su san ta ina ake laluben babbar riga ba. Ya rataya min ita a wuya, makirufo a bakin aljihu, ya ce kada in motsa. Bai taɓa sa min kaset ɗin na ji ba, ni ma ban tambaya ba.

Da yana nan yau, da ya ga mutanen nasa sun aske gashi, sun koma gajerun waƙoƙin rediyo, kiɗa kuma ya koma ƙaramin faifai mai walƙiya. Na san abin da zai yi: ya gyaɗa kai, ya koma wa akwatin kaset ɗinsa.

Akwatin nan 'yarsa Rifkatu ta buɗe a watan jiya. Tana ƙarama ya rasu, ta san fuskarsa a hoto, muryarsa kuwa ta ɓace mata. Uwarta ta ce a kira ni, tunda ina wurin wasan nan, mu saurari kaset ɗin tare ko za a dace da muryarsa.

Jama'a, ni ne a kaset ɗin, tun daga farko. Ana kiɗa ina tambayar ko an fara. Ina jajanta wa mai kaɗa jita rashin wanzami. Ina ba da labarin wani direba a Kwatano. Makaɗan suna can nesa kamar daga gidan maƙwabta. Maman Rifkatu ta rufe baki da gyale, wai kwafin wannan har Japan ya je. Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta kafa kunne tana jira, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai wajen ƙarshe, inda kiɗan ya yi laushi, wata murya ta matso a hankali: "Malam Sabo, don Allah. Nan ne wurin da nake so ka ji."

Rifkatu ta tsayar da kaset. Tana jin Hausa, amma da Turanci take amsawa. Ranar dai da Hausa ta ce, "Kawu, shi ne?"

Na ce shi ne.

Bai bar gida ko gona ba, ya bar akwatin kiɗan da na raina, da haƙurin da bai taɓa yi min gori a kansa ba. Rifkatu ta mayar da kaset baya, uban ya sake roƙona. Wannan karon na yi shiru, na ji wurin har ƙarshe.